Motar Maradun da Motar Bakura

Da a ce wani ya tsawatar tun ranar da yaron ya sauko daga motar Sakkwato, da abin bai kai ga tashar Talata Mafara ba, a ranar kasuwa, a gaban wanda ya san Malam Sallau da wanda bai san shi ba. Amma babu wanda ya tsawatar, domin babu wanda ya hango ta inda ɓarnar za ta ɓullo.

Yaron sunansa Hayatu. Mu ne ke iya faɗin sunan, Malam Sallau ba ya faɗi. Ɗan farinsa ne, kuma a gidansu tun kaka da kakanni ba a kiran sunan ɗan fari, ba a zama hira da shi, ba a kallonsa ido cikin ido. Uwarsa Taiba ma haka take yi. Saboda haka tun yana rarrafe yayar Sallau, Gwaggo Saude, ta ɗauke shi. Ita ke yi masa faɗa, ita ke jin kukansa. In Sallau zai yi mata zancensa sai ya ce “ɗanki”. In da mutanen waje ne sai ya ce “yaron wajen Saude”. Ba ƙiyayya ba ce. Ranar da aka ce yaron ya samu shiga jami'a, Sallau ya yanka rago, sa'annan ya riƙa gaya wa maƙwabta wai ragon ne ya tsufa.

Shi Sallau ya ɗan taɓa boko, gwargwadon abin da zai karanta sunan taki a jikin buhu. A shekarun nan ne aka gama dam ɗin Bakolori. Gonar da ya gada, katafila ta baje ta har da tsamiyar da ke tsakiyarta, aka yanka filin layi-layi, aka ba shi wani yanki kusa da magudanar siminti, inda yake noman alkama da tumatir da rani. Ruwa kuma ya daina zama abin da ake roƙo daga sama kawai. Yanzu a hannun malamin gona yake, wani Malam Shehu, mai cewa yau a buɗe wa wane, gobe a buɗe wa wane. Sallau dama mutum ne mai yawan tunani. Tun daga nan sai ya zama ko tari aka yi a bayan gida sai ya leƙa.

Karatun malanta Hayatu ke yi. A zangon da ya wuce ne aka fara koya musu wani darasi, ilimin halayyar ɗan Adam, wanda su a can suke ce wa saikoloji. Da ya iso gida hutun bazara, ya tarar da ubansa a zaure, ya tsuguna ya yi gaisuwa cikakkiya. Ya tambayi gida, ya tambayi zafi, ya tambayi alkama, Sallau na amsawa yana duban bango kamar yadda aka saba. Maimakon ya tashi ya shige, sai yaron ya gyara tabarau, ya ɗago kai, ya dubi tsakiyar idon ubansa.

“Baba, yaya kake ji a zuciyarka?”

Sallau ya ji kamar an zuba masa ruwan randa a ƙeya. Ya ce wa bangon, “Lahiya lau. A shiga cikin gida.”

Wannan ne na farko.

Bayan kwana kaɗan yaron ya ɗiga tawada a takarda, ya ninke ta, ya buɗe, ya riƙa bin mutanen gida yana tambayarsu me suka gani. Taiba ta ce wa Saude ta gaya masa ita dai ɓarnar takarda ta gani. Gwaggo Saude ta juya takardar sama da ƙasa ta ce, “To, in wanke in sha ne, ko a rataya?” Ana cikin haka sai ga Jibo, aminin Sallau, Bafillacen da ya zauna gari ya kama noma. Aka miƙa masa. Jibo ya daɗe yana kallo, idonsa ya ciko.

“Wagga ai saniyata ce da ta mutu bara. Ga ƙahon nan da ya karye.”

Hayatu ya gyaɗa kai a hankali, irin na wanda dama ya sani.

Da suka fito zaure Jibo ya kama hannun Sallau ya rage murya. “Wa ya gaya mishi zancen saniyata? Yana Sakkwato ta mutu.”

Sai kuma maganar awaki. Kullum kafin a ba su dusa, Hayatu sai ya ɗauki murfin tukunya ya ƙwanƙwasa shi da cokali, sa'annan ya zuba musu. Safe da yamma haka yake yi, fuskarsa a ɗaure kamar mai aikin gwamnati. Wata rana da la'asar Taiba tana madafi, murfin tukunyar miya ya suɓuce mata ya faɗi a kan murhu. Kafin ta sunkuya, awakin gidan gaba ɗaya sun tsinke igiya sun afka mata. Babban bunsurun ya bi ta kan tukunyar, miyar kuka ta malale har bakin ƙofa. Taiba na salati, kaji na gudu, shi kuwa Hayatu yana tsaye a tsakar gida yana tafi, yana dariya har da riƙe ciki.

“Ya yi aiki, Gwaggo. Wallahi abin da malaminmu ya faɗa gaskiya ne.”

Sallau yana bayan rumbu, ya ga kome. Ranar nan da ruwa da gishiri aka ci tuwo.

Washegari ya samu Jibo a bakin gona. Jibo ya yi lebura da Turawan da suka gina dam, saboda haka duk abin da ya shafi boko a wajensa ake jin fatawa.

“Jibo, wanga karatu na yaron wajen Saude, mi ake koyo cikinai?”

“Ai na bincika maka. Karatun mahaukata ne. Su za a koya musu yadda hauka take shiga mutum da yadda take zama.”

“To ai likita ma ciwo yake karantawa.”

“Likita yana wanke hannu. Wanga da mi za ka wanke? Ni da na yi dakon siminti a dam, har tarina siminti ya koma. To ina ga wanda kullum hauka yake ɗauka yana zubawa cikin kai?”

Sallau ya zauna a kan kunyar gona, ya manta da ruwan da ake buɗe masa har ya tsallaka gonar maƙwabci. A nan ya yanke shawara a ransa: in dai karatun nan ne ke taɓa kan yaron, to ya gama jami'a, ko da kuwa garin duka zai yi masa dariya. Amma sai ya tabbatar. Wani uban da sai ya kira ɗansa ya zaunar da shi ya tambaye shi. Sallau ba shi da wannan hanyar. Abin da ya rage masa shi ne ido, shi ma ta gefe.

Sai ya shiga gadi. In yaron ya fita yawo bakin magudana, Sallau na biye da shi daga nesa, kada ya faɗa ruwa. In yaron ya waiwayo, Sallau sai ya tsaya cik ya ƙura wa wata bishiya ido. Ya kwashe lauje da wuƙaƙe da gatari ya ɓoye a cikin rumbu, har Taiba ta rasa abin yanka albasa. Ya shinshina rigunan yaron a kan igiya ko zai ji warin tabar wiwi. Ya karɓo rubutu ya zuba masa a kunu. Abinci ya daina shiga cikinsa, idonsa ya faɗa.

Abin da bai sani ba shi ne, Hayatu yana ganin duk wannan. Ya ga ubansa yana shinshinar riga. Ya gan shi yana magana da bishiya, ko abin da ya yi kama da haka. Ya gan shi yana fitowa daga rumbu da ƙaiƙayi a hula. Kuma a littafinsu na makaranta akwai babi guda a kan mutumin da damuwa ta yi wa yawa, mai ɓoye kaya, mai bin mutane, mai zargin kowa. Hayatu ya karanta babin nan don jarrabawa, yanzu ga shi yana yawo a tsakar gidansu.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci, Sallau ya shiga ɗakin yayarsa.

“Yaya, ɗanki ba shi da lahiya.”

“Na ga alama,” in ji Gwaggo Saude, tana ɓare gyaɗa.

“Akwai Malam Hamidu can Maradun, an ce irin wanga shi ne aikinai. Turare da rubutu, mutum ya kwana biyu ya dawo garas. Ki lallaɓa shi ya zo tasha ran Talata. Kar ki gaya mishi dalili.”

“To.”

Bai daɗe da fita ba Hayatu ya shigo, ya zauna a bakin gado.

“Gwaggo, Baba ba shi da lafiya.”

“Na ga alama.”

“Tun da aka baje gonar nan abin ke cinsa. Yayan abokina malamin asibiti ne a Bakura, yana ba da maganin da ke kwantar da hankali. Ki lallaɓa shi ya zo tasha ran Talata. Kada ki gaya masa dalili, irinsu ba sa yarda ba su da lafiya.”

“To,” in ji Gwaggo Saude, ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

Ita a ganinta dukansu gaskiya suka faɗa. Ta gaya wa ƙanenta yaron ya yarda zai raka shi unguwa. Ta gaya wa yaron ubansa ya yarda zai raka shi unguwa. Ba ta ga ta yi wa kowa ƙarya ba.

Ran Talata da hantsi tasha ta cika. Buhunan albasa, kwandunan tumatir, raguna a ɗaure, 'yan Damri da 'yan Morai da 'yan Ruwan Gizo kowa na neman motarsa. Sallau na gaba, Hayatu na biye da shi da 'yar tazara, kamar yadda suka saba tafiya. Jibo ya yi alkawarin zai tsaya a kan kome, amma da suka zo wucewa ta kara, inda ake sayar da shanu, ya ce bari ya ɗan duba wani maraƙi, bai sake fitowa ba. Gwaggo Saude kuma ta tsaya gaisawa da wata ƙawarta.

Ta wutsiyar ido Sallau ya ga yaron ya tsaya wajen mai rake. Sai ya zagaya ya samu direban a-kori-kurar Maradun, wani ƙato mai suna Balarabe, wanda bai san su ba. Suka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sa'annan Sallau ya matso.

“Akwai yaron da za a kai wa Malam Hamidu. Kai ne ya ɗan taɓu.”

“Allah Ya sawwaƙe. Ai mun saba, ko wancan mako mun kai mishi wani. Ina da 'yan dako biyu masu hankali, ba za su ji mishi ciwo ba. Wane ne?”

Sallau ya sunkuyar da kai, ya ɗan karkata haɓa ta baya ba tare da ya juya ba. “Wancan mai wando da tabarau, gun mai rake.”

“Mi sunanai?”

Sallau ya ƙura wa tayar mota ido.

“Malam, sunanai nike tambaya.”

“Ɗan wajen yayata ne. Kai dai za ka gane shi. Zai ce maka lahiyarshi lau. Zai kalle ka tsakiyar ido. In ya ji wuya zai yi Turanci. A sa shi gaba, ni zan hau baya in an gama.”

“Shi ke nan, bar mana sauran.”

Da Sallau ya juya ya duba ko sau ɗaya, da ya ga Hayatu ya bar wajen mai rake tun tuni, ya tafi yin nasa ƙulle-ƙullen da direban Bakura. Wanda ke tsaye a wajen yanzu, da wando da tabarau, yana zaɓen rake, Malam Shehu ne malamin gona. Amma Sallau bai juya ba. Mutum ba ya tsayawa a kasuwa ya ƙura wa ɗan farinsa ido, balle ya nuna shi da yatsa.

Ya bar wajen yana neman inda zai fake kada ya ga lokacin da za a kama yaron. Sai ga Nagode, direban kiya-kiyar Bakura, wanda suka sani tun yana yaron mota. Nagode ya cire hula, ya yi murya mai laushi irin wadda ake yi wa jariri.

“Sannu Baba Sallau. Ya jiki?”

“Jikin wa?”

“A'a, gaisuwa ce kawai. Zo ka zauna nan gaba ka sha inuwa, ranar ga ba ta da kyau.”

Sallau ya ji kamar Allah ne Ya aiko shi. Ya shiga ya zauna, Nagode ya rufe ƙofa a hankali ya jingina da ita. Ƙofar nan ta waje kawai take buɗuwa, mariƙin ciki ya daɗe da karyewa. Fasinjojin baya suka dubi juna. Wata tsohuwa ta ce, “Allah sarki. Sannu Malam, Allah Ya ba da lahiya.” Sallau ya ce amin, a zatonsa labarin yaron ne ya bazu.

Ya yi niyyar rufe ido, amma zuciya ta ƙi. Ya ɗago kai ya duba ta gilashi. Ga 'yan dako biyu sun sa wani mutum a tsakiya, Balarabe na lallashinsa. Muryar mutumin na tashi har nan.

“Ku sake ni. Lafiyata ƙalau. Kun san ko ni wane ne?”

“Mun sani, ranka ya daɗe,” in ji Balarabe. “Taho mu je.”

Mutumin ya dubi Balarabe tsakiyar ido, sa'annan ya ɓarke da Turanci. Balarabe ya dubi 'yan dakonsa ya gyaɗa kai, alamar duk abin da aka faɗa ya cika. Suka ɗaga shi cak, raken na hannunsa, takalmi ɗaya ya faɗi.

Sai a lokacin Sallau ya gane fuskar. Mutumin da ruwan alkamarsa ke hannunsa ne ake turawa cikin a-kori-kura. Can gefe guda kuma ya hango Hayatu, hankalinsa kwance, ya ba da baya yana tafiya wajen mai burodi.

Sallau ya laluba ƙofa, babu mariƙi. Ya buga ƙofar.

“Nagode, buɗe. Sun kama malamin gona. Ni na sa anka kama shi.”

“Haka ne Baba, kai ka sa,” in ji Nagode. “Dam ɗin ma ai kai ka sa anka gina. Kwantar da hankalinka, yanzu za mu tashi.”

“Mu tashi zuwa ina?”

“Bakura, shan iska. Yaronka ya yi mini bayani duka.”

Tsohuwar baya ta miƙo masa goro ta kan kafaɗa. Wani mai kwandon kaji ya ja kwandonsa nesa da shi. A can kuma Balarabe ya tada mota, hayaƙi ya turnuƙe.

Sallau ya zura kai ta taga. “Kai yaro,” ya ce. Duk wani matashi da ke tashar ya waiwayo, ban da wanda ake nufi. “Kai ɗan Saude.” Hayaniyar kasuwa ta haɗiye maganar. Hayatu na ƙara nisa, motar Maradun ta fara ja da baya. Sallau ya dubi sama, ya dubi ƙasa, zufa ta jiƙa masa riga. Sa'annan ya cika ƙirji da iska, ya buɗe baki iya ƙarfinsa.

“Hayatu!”

Sunan ya fito da wata irin murya da shi kansa bai san yana da ita ba. Yaron ya tsaya cik. Ba shi kaɗai ba. A ƙarƙashin rumfar masu goro akwai dattawan unguwarsu, mutanen da suka san Sallau tun yana tsirara. Ɗaya ya ajiye goron da zai kai baki.

“Inna lillahi. Sunan ɗan fari ya kira, tsakiyar kasuwa.”

“Ashe abin ya yi nisa haka,” in ji na kusa da shi. “Nagode, kar ka buɗe mishi.”

Hayatu ya iso da gudu, tabarau a karkace. Sallau ya kasa dubansa, sai ya dubi madubin mota ya yi magana da sauri. “Kai anka ce a kama, sunka kama malamin gona. A je a tare su.”

“Ni? Wa ya ce a kama ni?”

“A je dai.”

Hayatu ya ruga ya sha gaban a-kori-kurar yana ɗaga hannu. Balarabe ya taka birki ya leƙo.

“Malam direba, kuskure aka yi. Ni ne wanda aka ce ku ɗauka, amma lafiyata ƙalau.”

Balarabe ya dube shi daga sama har ƙasa. Wando, tabarau, ga shi yana kallonsa tsakiyar ido. Ya waiwaya ya dubi wanda ke gefensa a tsakanin 'yan dako.

“Au, su biyu ne? Dattijon ɗaya ya ce mini. Kai Hamisu, sauka ka taimaka mishi ya hau.”

Da an tafi da su duka, ba don Gwaggo Saude ta iso ba. Ta ratsa taron da lemarta, ta ƙwanƙwasa wa Balarabe gaban mota, ta sa aka sauke Malam Shehu, ta sa Nagode ya buɗe wa ƙanenta. Malam Shehu ya tsaya da takalmi ɗaya yana huci. Sallau ya tsuguna a gabansa yana ba da haƙuri, yana ƙoƙarin yin bayani ba tare da ya sake faɗin sunan kowa ba, abin da ya sa bayanin ya ƙara dagulewa. Malam Shehu ya saurara, ya dubi dattawan da ke girgiza kai, sai fushinsa ya sauka. Ya dafa kafaɗar Sallau.

“Ba kome, Baba. Allah Ya ba ka lafiya. A riƙa ba shi magani a kan lokaci,” ya ce wa Hayatu, ya ɗauki takalminsa ya tafi.

Sallau ya juya ga yayarsa. “Yaya, ashe kin san da motar Bakura?”

“Na sani. Da ta Maradun duka. Na ce duk wadda ta riga cika, ita Allah Ya zaɓa.”

Suka kama hanyar gida ta bakin magudana, don kada su sake ratsa kasuwa. Sallau a gaba, Gwaggo Saude a tsakiya da lemarta, Hayatu a baya. Ruwa na gudu a cikin siminti, alkama ta yi ja hagu da dama.

“Yaya, tambayi ɗanki, mi ya haɗa shi da awakin mutane.”

“Ka ji,” in ji Gwaggo Saude ba tare da ta waiwaya ba.

“Gwaggo, gwaji ne. An koya mana dabba da mutum duk suna iya sabawa da alama. Na so in gani da idona.”

“Tambaye shi tawada fa. Ina ya san saniyar Jibo?”

“Ban santa ba. Kowa abin da ke ransa yake gani a ciki.”

Sallau ya yi tafiya kaɗan yana juya wannan. “To su mahaukatan, a ajin nasu suke zama, ko waje ake ajiye su?”

“Gwaggo, ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Babi guda ne kawai a littafin. Sauran duk a kan yadda yaro ke koyo ne, da yadda ake mantuwa, da abin da ke sa mutum tsoro. Malamin makaranta dole ya san su.” Ya gyara tabarau. “Ki tambayi Baba me ya kai lauje cikin rumbu.”

“Gaya mishi laujena ne, inda na ga dama nan zan aje shi.”

“Da shinshinar riga?”

Sallau ya ƙara sauri. Gwaggo Saude ta yi dariya har lema na rawa.

Da suka kusa gari Hayatu ya sake magana, muryarsa ƙasa-ƙasa. “Gwaggo, na san al'ada ce. Amma littafin ya ce yaron da ubansa ba ya kiransa yakan tashi yana zaton ba a sonsa. Da na karanta sai na rasa ko ni ma haka nake zato.”

Wannan karon Gwaggo Saude ba ta ce “ka ji” ba. Sallau ya tsaya ya cire wata ƙaya da babu ita a takalminsa.

“Gaya mishi sunan nan ni na zaɓe shi, ba liman ba. Kuma kullum ina faɗinai bayan salla, inda ya kamata a ji. Wanda ya rubuta littahin bai zo ya tambaye ni ba.” Ya miƙe. “Gaya mishi kuma na yau ya ishe shi. Kar ya sa rai da wani.”

Da hutu ya ƙare Sallau bai hana shi komawa ba. Ta bakin Saude ya kafa masa sharaɗi ɗaya, cewa duk abin da aka koya masa a Sakkwato ya gwada shi a kan mutanen Sakkwato. Jibo, wanda ya fito daga kara bayan an watse, ya ce shi dama bai taɓa cewa yaron ya taɓu ba.

Shi kuwa Sallau, har aka yi girbin alkama mutane na yi masa sannu da jiki a masallaci, ana matsa masa wuri a sahun gaba. Malam Shehu ya riƙa buɗe masa ruwa kafin kowa, yana yi masa magana a hankali da ƙarfi kamar kurma. Sallau ya so ya yi bayani, ya ga duk bayanin da ya yi sannu yake ƙaro masa, sai ya bari.

Ranar tafiya, yana zaure ya ji yaron na gaya wa Gwaggo Saude a tsakar gida ta riƙa lura da cin abincin Baba, in ta ga ya fara ɓoye kaya ta aika masa. Shi ma Sallau, kafin nan, ya riga ya roƙi direban motar Sakkwato ya sa ido a kan wani fasinja mai tabarau, wannan karon Saude ce ta nuna shi da hannunta. Har yau Sallau bai sani ba ko yaron ya yarda ubansa lafiyarsa ƙalau, kuma shi ma bai gama sanin abin da karatun nan yake yi wa kan yaron ba.